Sharaɗin Umma Kafin In Shiga Tsere

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugabar makarantarmu. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Manyan baƙi da suka ajiye ayyukansu suka zo suka zauna mana. Malamanmu maza da mata. Iyayenmu mata da ke cikin rumfa, da iyayenmu maza da ke tsaye a bayan rumfa suna cewa su ba sa jin rana. Yayyena na manyan azuzuwa da ƙannena na ƙananan azuzuwa. Da kuma 'yan ajinmu da nake hangowa can suna yi mini alama da hannu in ɗaga murya: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma yi muku barka da zuwa ranar wasannin makarantarmu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina godiya ga shugabar makaranta da ta ba ni 'yan mintuna kafin a fara tsalle-tsalle. Ina godiya ga malamar wasanni, wadda duk makon nan take tsayawa a ƙarshen aji tana sa ni maimaita jawabin nan, tana cewa, "Ban ji ba, sake." Ina kuma godiya ga wanda ya sauke mini abin maganar nan daidai tsayina, ko da yake da ya bar shi a sama da na sami abin fakewa.

Na san wasunku sun yi mamakin ganina a nan. Ni ce yarinyar da idan ana kiran suna a aji, maƙwabciyata ce ke amsa mini. Akwai malamin da ya koyar da mu zango guda cur, ranar ƙarshe na ce masa, "Sai an jima, Malam," ya juyo ya ce, "Sabuwa ce ke?" To, bari in faɗi abin da ya fito da ni.

Yau da yamma za a yi tseren miƙa sanda na 'yan mata. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, ni ce ta uku. Amma har yanzu da nake tsaye a gabanku, ban sani ba ko zan yi gudun. Likita ya yarda. Malamar wasanni ta yarda. Baba ya yarda. Umma ce ba ta yarda ba tukuna. Ga ta can a layi na biyu, kusa da kakata. Sharaɗi ta sa mini: sai na tsaya a gaban duk wanda zai kasance a filin nan, na gaya masa da bakina ciwon da nake da shi, da abin da zai yi idan ya tasar mini. Idan na faɗa ta gamsu, in yi gudu. Idan ban faɗa ba, in koma ƙarƙashin bishiya in yi kallo. Don haka ku yi haƙuri da ni, ku saurare ni, domin wannan jawabi shi ne zagayen farko na tseren nawa.

Batu na farko shi ne ciwon kansa.

Ina da ciwon saurin bugun zuciya. Sunansa na asibiti dogo ne, ko Baba sai ya huta a tsakiya kafin ya ƙarasa shi, don haka zan rage muku wahala. Likita ya yi mana bayani kamar haka. Zuciyar kowa tana da 'yar wutar lantarki da ke gaya mata lokacin bugawa. Saƙo yakan taso daga sama ya sauka ƙasa, zuciya ta buga sau ɗaya, sannan ta jira saƙo na gaba. A tawa zuciyar akwai wata ƙaramar hanya ta daban da aka haife ni da ita. Wani lokaci saƙon yakan faɗa wannan hanyar ya yi ta zagaye ya ƙi fita, zuciya kuwa duk zagayen da ya yi sai ta buga, ba ta tambaya.

Babana mai gyaran wutar lantarki ne. Ranar da likita yake wannan bayani, duk mun yi tsuru-tsuru, sai na ga fuskar Baba ta washe. Ya matso da kujera ya ce, "Likita, ai wannan waya ce ta haɗu. Da a bango take, da yau ɗin nan na gama da ita."

Umma ta ce, "Baban yara, zauna. Fankar ɗakina tun yaushe take jiranka?"

Idan abin zai zo ba ya sallama. Kamar an danna makunni ne. Yanzu ina lafiya, yanzu kuma ƙirjina yana kaɗawa, jijiyar wuyana tana harbawa, har rigar makaranta takan riƙa rawa a kaina. Kaina yakan yi fayau, ƙafafuna su yi sanyi. Idan zai tafi ma haka yake tafiya, tak, kamar an kashe makunnin, ya bar ni da gajiya kamar na yi wankin gidanmu duka.

An daɗe ba a gane shi ba, kuma dalilin zai ba ku dariya. Zuciyata ta fi ni kunya. A gida za ta yi ta gudu, a hanya ta yi ta gudu, amma da zarar mun iso ƙofar asibiti sai ta nutsu ta zama mutuniyar kirki. A gwada a ce lafiya lau. Har mai gadin asibitin ya san mu. Idan ya hango mu muna sauri sai ya ce wa Umma, "Hajiya, yau ta iso da ita, ko ta sake sauka a hanya?" Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce ƙarancin jini ne, wata maƙwabciyarmu ta ce a duba ko ranar lissafi kaɗai yake zuwa. A ƙarshe likita ya manna mini wata 'yar na'ura a ƙirji, na tafi da ita gida, na kwana da ita, na zo makaranta da ita a ƙarƙashin riga. Ita ce ta kama zuciyar tana tsakiyar gudunta, ba ta san ana kallonta ba.

Batu na biyu shi ne abin da ke tayar da shi.

Likita ya ce rashin barci yana tayar da shi. Ƙishirwa tana tayar da shi. Kofi, da shayi mai ƙarfi, da lemunan gwangwanin nan da ake cewa suna ƙara kuzari, da wasu magungunan mura da ake saya ba a tambayi kowa ba, duk suna iya tayar da shi. Sai kuma damuwa da firgita. Ya ƙara da cewa sau da yawa babu dalilin komai, haka kawai yake zuwa. Amma Kaka, wadda ta raka mu ranar, ba ta ɗauki komai a cikin jerin nan ba sai kalma ɗaya, firgita. Muna isa gida ta kafa doka.

Baba ya cire ƙararrawar ƙofa. Aka hana buga murfin tukunya. Idan Baba yana kallon ƙwallo sai ya kashe murya, idan an ci sai ya miƙe tsaye ya buɗe baki ba sauti, ya fita tsakar gida ya naushi iska, ya dawo ya zauna. Babbar dokar kuwa ita ce kada a ba ni labari ɗungurungum, mai daɗi ko marar daɗi. Sai dai a gutsura mini kaɗan-kaɗan, kuma Kaka ce da kanta mai gutsurawa.

Ranar da yayata ta haihu, kowa a gidan ya sani ban da ni. Na ga ana ta shiga da fita ana murmushi, da na ɗago kai sai kowa ya ɗaure fuska. Can sai ga Kaka ta zo ta zauna a bakin gadona. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini.

Ta ce, "Takwara, kin san yayarki?"

Na ce, "Na san ta, Kaka."

Ta ce, "To, madalla." Ta tashi ta fita.

Bayan azahar ta dawo. Ta ce, "Kin dai san tana da ciki?"

Na ce, "Na sani."

Ta riƙe hannuna, ta dube ni da tausayi, ta ce, "To, ki yi numfashi a hankali. Cikin nan yanzu babu shi."

Jama'a, na fashe da kuka. Umma ta shigo a guje ta ce, "Haihuwa ta yi, namiji, suna lafiya." Kaka ta ce, "Ai nan zan zo, kika riga ni." A ranar na ji tsoro mafi girma da farin ciki mafi girma a cikin minti ɗaya, zuciyar nan ko gezau. Washegari da safe kuwa, na sunkuya zan ɗauki fensir da ya faɗi, sai ta tashi. Kaka ta daɗe tana harar fensirin.

Ba don in yi wa Kaka dariya na kawo wannan ba. Ƙauna ce ta sa ta yi, na sani. Na kawo shi ne don iyaye su ji: mai irin ciwona ba ƙwai ba ne. A ba shi ruwa, a bar shi ya yi barci, a raba shi da lemon kuzari, amma a ba shi labari kamar kowa. Zama a gidan da kowa yake yin shiru idan ka shigo ya fi fensir tayar da hankali.

Batu na uku shi ne motsa jiki, kuma a nan ne zan roƙi ku ƙara saurara.

Tun ina ƙarama nake son gudu. Wanda ba ya iya magana ne zai gane dalili. A aji sai an ɗaga hannu, a gida sai an amsa gaisuwa, a shago sai an yi ciniki. A fili kuwa babu mai tambayarka komai. Ka miƙa hannu baya, a sa maka sanda, ka tafi. Nan kaɗai ne nake jin ba a bar ni a baya ba. Da aka gano ciwon, makaranta ta ji tsoro, kuma ban ga laifinta ba. Aka ba ni sabon muƙami: mai gadin takalma. Idan an fita wasanni, kowa ya tuɓe takalmin makaranta ya tara a gabana ƙarƙashin bishiyar can, in zauna in tsare. Na yi aikin da gaskiya. Yanzu haka na san takalmin kowa a makarantar nan, na kuma san waɗanda ya kamata su riƙa wanke safa, amma ba zan kama suna ba.

Da muka koma asibiti likita ya tambaye ni ko ina wasanni. Sai na dubi Umma. Umma ta ce, "Takalma take tsarewa." Ya ajiye biro ya ce, "Wa ya ce ta zauna?" Sai ya sa aka ɗauki hoton zuciyata, sannan aka manna mini wayoyi aka ɗora ni a kan wata na'ura mai bel da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafa. Na yi ta gudu ina nan inda nake. Kaka tana bakin ƙofa tana cewa, "Likita, yarinyar nan fa ba ta zuwa ko'ina, a sauke ta." Da aka gama ya ce ginin zuciyata lafiya yake, kuma irin nawa ciwon ba ya hana gudu. Ya ce zaman ma shi ne zai cuce ni. Sharuɗɗansa su ne in fara a hankali kafin in sa ƙarfi, in sha ruwa, kada in yi gudu ina zazzaɓi ko ban yi barci ba, kuma idan abin ya taso in tsaya nan take.

A nan dole in faɗi wata magana da likita ya ce kada in manta. Ba kowane saurin bugun zuciya ne irin nawa ba. Akwai wanda gudu ke da haɗari a gare shi ƙwarai. Kada wani ya ce ya ji wata yarinya ta ce a yi gudu. Ni an gwada ni aka ce in yi. Wanda yake jin irin abin da na kwatanta, musamman idan ya taɓa suma yana cikin wasa, ya je a gwada shi tukuna.

To, likita ya yarda. Me ya hana Umma? Wannan ya kawo ni batun magani.

Kullum da safe ina shan ƙwaya guda, tana rage yawan zuwansa. Likita ya ce nan gaba akwai aikin da za a iya yi, a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuwa zuciya a toshe waccan hanyar. Baba ya riga ya tambaya ko za a bar shi ya shiga ya kalla, an ce masa a'a. Amma kafin nan, akwai abin da aka koya mini in yi da kaina idan ya taso, kuma sau da yawa yana tsayar da shi. Zan ɗauki sirinji marar allura in sa a baki, in hura da dukkan ƙarfina kamar zan tura abin cikinsa baya, har kumatuna su kumbura. Sannan in kwanta rigingine, wani ya ɗaga ƙafafuna sama na ɗan lokaci. Ko kuma in tsoma fuskata cikin ruwa mai sanyi sosai.

Ku duba wannan magani, sannan ku dube ni. Yarinyar da ba ta iya cewa "ga ni" idan an kira sunanta, ita aka ce ta kumbura kumatu a gaban mutane, ta kwanta a ƙasa, ƙafafu a sama.

Wata rana a zangon da ya wuce, muna tsakiyar darasi, malam yana rubutu a allo, aji ya yi tsit, sai ya taso. Sirinjin yana cikin jakata, hannuna yana kansa. Na ce bari malam ya gama wannan layin. Ya gama. Na ce bari ya juya baya. Ya juya. Na ce bari a fita hutu. Aka fita, sai na ga ko'ina da mutane. Haka na zauna har aka tashi, na taka da ƙafa zuwa gida ina tsayawa ina dafa bango. Umma tana ganina ta ajiye abin da ke hannunta, ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauki mayafi. A ranar zuciyar ba ta sauka a hanya ba. A asibiti suka yi mini wata allura ta jijiya wadda ke katse zagayen. Tana aiki, amma da an yi ta, na ɗan lokaci kaɗan, sai ka ji kamar an danne maka ƙirji an kuma sake ka daga sama. Umma tana riƙe da ƙafata har aka gama.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da malamar wasanni ta sa ni a ƙungiyar tsere, na zo gida da murna, Baba ya ce, "Mamana, ai sai ki nuna musu," sannan Umma ta yi magana. Tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni ba gudunki nake tsoro ba. Shirunki nake tsoro. A aji kin zauna da shi kin yi shiru. A fili kuma ki gudu da shi ki yi shiru? Ranar da kika iya buɗe baki kika gaya wa mutane, ranar zan yarda."

Na ce, "Umma, in gaya wa malama?"

Ta ce, "Malama ɗaya ce, filin kuwa da faɗi."

Na ce, "To, wa zan gaya wa?"

Ta ce, "Kowa."

Ina tsammanin ta ɗauka ba zan iya ba. Ni ma haka na ɗauka.

To, kowa, ga ni. Ga kuma sirinjin. Na ga wani ɗan aji ɗaya a gaba ya ja da baya. Kwantar da hankalinka, ƙanena, babu allura. Ku duba yadda ake yi.

Kun yi dariya. Na gode. Ku ƙarasa ta yanzu, ku yi ta har ta ƙare, domin ranar da na yi da gaske kada ku sami sauranta. Kwanciyar kuwa ba zan gwada ta a gaban manyan baƙi ba, amma ina tabbatar wa iyayenmu mata cewa kullum da dogon wando nake fitowa.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Idan kun ga na tsaya ina cikin gudu, na fita daga layi na ɗaga hannu, to, ya taso. Kada ku yi ihu. Kada ku taru a kaina, ku bar mini iska. Mutum ɗaya ya kawo mini jakata, shuɗiya ce, tana wurin malamar wasanni. Mutum ɗaya ya tsaya kusa don ɗaga ƙafafuna idan na gama hurawa. Sauran ku ci gaba da kallon tsere, ai shi kuka zo gani.

Game da ruwan sanyi, ina roƙon 'yan ajinmu da babbar murya: fuska kaɗai, kuma ni zan tsoma da kaina. Bayan abin da ya faru, shugabar ajinmu ta sami labarin ruwan sanyi, ta shirya tsaf don taimako. Wata rana na sunkuyar da kai a kan tebur, barci kawai nake ji, sai na ji bokiti guda ya sauka a kaina. Kafin in buɗe baki na biyu ya iso. Ta dafa ni ta ce, "Ya tsaya?" Na ce ya tsaya, don na hango wata tana tahowa da bokiti na uku. Allah ya saka muku da alheri, amma littafin tarihina har yau bai koma daidai ba.

Kada kuma a ɗura mini komai a baki, kada a jijjiga ni, kada a danna mini wuya. Idan kuwa na gwada bai tsaya ba, ko na ce ƙirjina yana ciwo, ko numfashi ya gagare ni, ko na suma, to, ba sauran jira ba sauran shawara, a kai ni asibiti, a kira Umma daga baya. Wannan shi ne gaskiyar maganar, kuma na faɗe ta ba wasa.

Akwai mutum uku da abin ya fi shafa, su ne 'yan ƙungiyata. Na gaya musu cewa idan ya taso ina tsakiyar gudu zan tsaya, kuma tsayawata tana nufin mun faɗi. Wadda za ta karɓi sanda a hannuna, wadda muke kira Doguwa, ta yi tunani ta ce, "To, ba za ki iya lallaɓa zuciyar ba har ki miƙo mini sandar, sannan ku yi rigimarku?" Malama ta harare ta. Sai Doguwa ta ce, "Wasa nake. Ki tsaya. In kin tsaya zan zo in ɗaga ƙafafun, dama ni ce mai tsawo." Sauran biyun suka ce sun yarda. Sun san za su iya rasa kofi saboda ni, suka ce in zo. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, shi ya sa na kawo shi gaban jama'a.

Ina da roƙo ga iyaye. Idan yaro ya ce muku ƙirjinsa yana bugawa, kada ku ce ragwanci ne, kada ku ce tsoron jarrabawa ne, ku kai shi a duba. Idan an duba ba a ga komai ba, ya sake faɗa, ku sake kai shi. Yaro mai shiru kuma ku riƙa tambayarsa, domin shirun ba kullum ne lafiya ba. Ina da roƙo ga 'yan'uwana ɗalibai. Na tabbata a cikin taron nan akwai mai ɓoye abin shaƙa na asma a ƙasan jaka, akwai mai ɓoye ƙwayoyinsa, akwai mai ɓoye tabarau yana ƙanƙance ido a gaban allo. Ni na gwada ɓoyewa, na ga inda take kaiwa. Dariyar mutane ba ta daɗewa, kun gani yanzu, har ta wuce.

Wataƙila kuna son ku san halin da zuciyar take ciki a wannan lokaci. Tana bugawa da ƙarfi tun da na hau nan. Amma wannan ba shi ba ne. Wannan a hankali ya hau, a hankali zai sauka, irin na kowa ne, irin wanda shugaban taro ma ya ji kafin ya yi nasa jawabin. Na san bambancinsu. Idan wancan ne zan faɗa.

Umma, da ke nake yanzu. Kin ce in gaya wa kowa, na gaya wa kowa. Na faɗi abin da yake, na faɗi abin da za a yi, na kumbura kumatu a gaban shugabar makaranta da manyan baƙi. Ban yi miki alkawarin zan ci tsere ba, ban kuma yi miki alkawarin ba zai taso ba, domin wannan ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne in tsaya in ɗaga hannu in yi magana, kuma shi na yi miki alkawari a gaban shaidu. Ba sai kin tashi kin ce komai ba, na san ke ma ba kya son taro ya juyo kanki. Idan kin yarda in yi gudu, ki ɗaga hannu kawai, ko kaɗan ne, zan gani.

Mai girma shugaba, a shaida. Ta ɗaga. Kaka tana ƙoƙarin sauke shi, amma ta ɗaga.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sanyaya zukatansu a kanmu. Allah ya ƙara wa malamanmu haƙuri, ya ba likitoci da ma'aikatan jinya sa'a a hannunsu. Marasa lafiya na gida da na asibiti, masu faɗa da masu ɓoyewa, Allah ya ba su sauƙi. Allah ya sa a yi wasannin nan lafiya a tashi lafiya, wanda ya ci ya yi murna, wanda ya faɗi ya tashi ya kaɗe jikinsa, kowa ya koma gida ya tarar da alheri.

Malama, a nemi wani ya tsare takalma yau.

Na gode.